Tambayoyin da ake yawan maimaitawa game da masu ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau

Ana ɗaukar cutar ta hanyar cin abinci a kwano ɗaya?

A'a. Ba a ɗaukarta ta musabaha, ko buta, ko cizon sauro. Hanyoyinta su ne jini, da saduwa ba tare da kariya ba, da kuma daga uwa zuwa jariri. Wanda ya ware wa ɗan'uwansa kofi da tabarma bai kare kowa ba, zaluntarsa kawai ya yi.

Ba cutar 'yan luwaɗi ba ce?

Wannan tambaya ta ishe ni. A 1981 aka fara ba da rahoton cutar a Amurka tsakanin maza masu neman maza, sunan kuma ya bi ta, amma a Afirka mafi yawan kamuwa tsakanin mace da namiji ne. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kusan mutum miliyan 1.9 ke ɗauke da ita a Najeriya, mata kuma sun fi yawa. Sakamakon gwaji ba ya bayyana halin kowa. Namijin da ke neman maza ma majiyyaci ne mai haƙƙin magani, kuma idan tsoron tonon asiri ya hana shi zuwa asibiti, cutar ce ke samun hanyar yaɗuwa.

Gwajin kafin aure ya nuna mai neman 'yata yana ɗauke da ita. Mu fasa?

Ba ni da amsa ɗaya da za ta dace da kowane gida. A Kano, dokar 2024 ta wajabta wannan gwaji, don haka iyaye da yawa za su tsinci kansu inda kuke. Abin da aka tabbatar shi ne, wanda yake shan maganinsa kullum har ƙwayar ta daina bayyana a gwajin jini ba ya sa wa matarsa ta hanyar saduwa, kuma kaiwa wannan matsayi kan ɗauki kimanin wata 6. Sai dai komai ya rataya ne a kan ɗorewarsa, domin idan ya ajiye maganin, ko don kunyar a gan shi a layin karɓa, ƙwayar za ta dawo. Saboda haka ku duba ko ya fara shan magani, ko ya yarda likita ya yi wa yarinyar bayanin sakamakonsa, kuma ku bar ta ta yanke hukunci ba tare da tilas ko ɓoye-ɓoye ba. Idan ta ce a'a, ba ta yi laifi ba. Amma ko an fasa, ba ku da izinin faɗa wa dangi da maƙwabta dalili.

Za a iya korar ma'aikaci saboda ita?

Dokar hana wariya ta 2014 ta haramta wannan a Najeriya. Wanda aka kora ya adana takardar sallamar, ya kai ƙorafi Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa.