Harbin Tattabarar Yumɓu a Ingila: Amsar Tambayoyin da Ake Ta Maimaita Mini

Tun da na fara zuwa filin harbi a ranakun ƙarshen mako a nan Ingila, 'yan uwa ɗalibai da ma'aikata da ke zaune a ƙasar, da kuma waɗanda ke gida, suke jefo mini tambayoyi iri ɗaya. Na amsa su da baki har na gaji, saboda haka na tattara su wuri guda, duk wanda ya sake tambaya zan nuna masa nan.

Tattabaru kuke kashewa don nishaɗi?

A'a. Faifai ne na'ura ke cillawa sama, mu kuma mu harbe shi da bindiga mai watsa ƙwayoyin dalma. Faɗinsa milimita 110, nauyinsa kimanin giram 105, kuma yawanci launinsa ruwan lemo ne domin ido ya kama shi da sauri. Babu rai a cikinsa.

To me ya kawo sunan tattabara?

Domin a da tattabarun gaske ake harbi. A ƙarni na 19 Turawan Ingila sukan zuba su a cikin ƙananan akwatuna, a ja igiya murfi ya buɗe, tsuntsu ya tashi a harbe shi, kuma daga nan ne aka gaji kalmar da maharbi ke furtawa har yau idan ya shirya, wato "ful", ma'anarta "ja". A gasar Olamfik ta Paris a 1900 an kashe tattabaru kusan 300 a irin wannan harbi. Daga baya aka gwada ƙwallayen gilashi cike da gashin tsuntsu, sannan a 1880 wani Ba'amurke mai suna George Ligowsky na birnin Sinsinati ya ƙirƙiro faifan gasasshen yumɓu. A 1921 Birtaniya ta haramta harbin tsuntsayen da aka sako daga keji. Faifan yau ma da farar ƙasa da kwalta ake yin sa, sunan yumɓu ne kawai ya zauna. Masu tambayata ta fuskar addini suna da gaskiya da suka tuna hadisin da ya hana mayar da abu mai rai abin koyon harbi, kuma su kwantar da hankalinsu, wancan tsohon wasan ne hanin ya shafa.

Zan iya riƙe bindigar in ɗauki hoto tukuna?

Wannan tambayar ce ta fi ɓata mini rai, shi ya sa na kawo ta kusa. Bindigar da ake amfani da ita mai baki biyu ce, ɗaya bisa ɗaya, kuma tana buɗewa a tsakiya. Muddin ba ka tsaya a wurin harbi ba, a buɗe za ka riƙe ta, babu harsashi a ciki, yadda duk wanda ya hango ka daga nesa zai ga haka da idonsa. Ba a sa harsashi sai an shiga cikin kejin da maharbi ke tsayawa an fuskanci fili, ba a ɗora yatsa a kan kunama sai lokacin harbi, ba a kuma juyowa da bindiga a rufe don amsa kiran aboki. Na taɓa kai wani baƙo, ya fasa faifansa na farko, murna ta kama shi ya juyo gare mu da sauran harsashi ɗaya a ciki. Mai koyarwa ya riƙe bakin bindigar da hannunsa kafin ya gama juyowa, kuma a nan harbinsa na ranar ya ƙare. Ban roƙa masa ba, domin hukuncin daidai ne. Hoto kuwa ana ɗauka, da bindiga a buɗe, bayan an nemi izinin mai koyarwa.

Sai ina da lasisi?

Don gwadawa, a'a. Dokar bindigogi ta Birtaniya ta 1968 ta yarda wanda ba shi da lasisi ya yi harbin faifai a filin da 'yan sanda suka amince da shi, da bindigar filin, a gaban mai kula. Amma wanda aka taɓa yanke wa ɗaurin shekara 3 ko fiye an haramta masa taɓa bindiga har abada, wanda kuma aka ɗaure daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 3 sai ya jira shekara 5 bayan fitowarsa. Za a ba ka takarda ka sa hannu a kan haka, kada ka yi ƙarya.

Bindigar tana dukan kafaɗa?

Tana yi, kaɗan. Idan ka matse gindinta a kafaɗa ka jingina gaba, ba zai dame ka ba.

Ina zan auna, tunda faifan gudu yake yi?

A nan ba ni da amsa guda, kuma duk wanda ya ce maka "ba shi taku biyu" ba tare da ya ga faifan ba, yaudararka yake yi. Abin da ba ya canzawa shi ne, idan ka auna faifan a inda yake, za ka harbi inda ya baro. Ɗauki misali: faifai yana ratsawa ta gabanka da gudun mita 20 a daƙiƙa, a nisan mita 30. Ƙwayoyin dalma suna barin bakin bindiga da gudun kusan mita 400 a daƙiƙa amma suna rage gudu da sauri, saboda haka sukan ɗauki kusan kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa kafin su isa, kuma a wannan ɗan lokacin faifan ya matsa wajen mita 2. Dole ke nan ka harbi sararin da ke gabansa. Sai dai wannan lissafi na takarda ne. A fili, tazarar da ido ke gani ta danganta da saurin da kake jan bindigar, da kusurwar da faifan ya biyo, da iska, da kuma ko yana kan tashi ne ko ya fara faɗowa. Mutum biyu za su fasa faifai iri ɗaya, ɗaya ya rantse ya ba shi kamu guda, ɗaya ya ce bai ba shi komai ba, kuma babu maƙaryaci a cikinsu, domin mai jan bindiga da sauri ba ya lura da tazarar da hannunsa ya riga ya bayar.

Hanyoyi uku ne aka fi koyarwa. Akwai mai farawa daga bayan faifan ya bi sawunsa, ya wuce shi, ya harba. Akwai mai ɗora bakin bindiga a kan faifan ya yi tafiya tare da shi ɗan lokaci, sannan ya janye gaba ya harba, kuma wannan ce masu koyarwa a Ingila suka fi fara ɗora sabon shiga a kai, domin tana koya wa hannu layin faifan da gudunsa lokaci guda. Akwai kuma mai ajiye bakin bindiga a gaban faifan tun daga farko, wadda 'yan sikit, wani nau'in wasan da zan yi bayaninsa a gaba, da yawa ke so domin faifansu hanya ɗaya yake bi kullum. Ni ta biyun nake ba da shawara, amma ba zan ce ita ce daidai ga kowa ba, domin faifan da ya fito da sauri a kusa ba ya ba ka lokacin raka shi.

Kafin duk wannan ma, a duba wane ido ne ke jagorantarka. Nuna wani abu mai nisa da yatsa idanunka biyu a buɗe, sannan ka rufe ɗaya bayan ɗaya. Idon da yatsan bai kauce ba idan shi ne a buɗe, shi ne jagora. Idan kai badame ne amma idon hagu ke jagora, za ka yi ta kuskure gefe guda komai ƙoƙarinka. Wasu sukan koma harbi da kafaɗar hagu, wasu su ɗan lumshe idon, wasu su manna ɗan tabo a gilashin tabarau. Wacce za ta yi maka, ya danganta da shekarunka da yawan lokacin da ka riga ka saba da kafaɗa ɗaya, kuma ga wasu mutane jagorancin yakan sauya idan sun gaji. Duk da haka, mafi yawan kuskuren sabon shiga daga abu biyu yake: ya tsayar da bindiga daidai lokacin da ya ja kunama, ko ya ɗaga kumatunsa daga jikinta don ya ga ko ya samu. Ka zuba wa faifan ido, ka manta da bakin bindigar, ka ci gaba da jan ta bayan ta tashi. Sauran kuwa sai wanda ya tsaya a bayan kafaɗarka yana ganin inda harbin ya bi.

Idan na kasa fasa ko ɗaya fa, ba za a yi mini dariya ba?

Ba za a yi ba. Kowa a wurin ya taɓa ƙarar da akwatin harsashi bai taɓa komai ba, kuma masu koyarwa sukan fara ne da faifai mai tahowa a hankali wanda yawancin mutane ke samu tun ranar farko. Abin da ba a yafewa shi ne sakaci da bakin bindiga.

Mene ne tirap, sikit da sifotin?

A tirap faifan yana tashi daga gabanka ya yi nesa da kai. A irin na Olamfik injuna 15 ne a cikin rami, kuma yana cikin gasar tun 1900. A sikit faifai biyu ne ke fitowa daga ɗaki mai tsawo da gajere suna gittawa, maharbi yana zaga tashoshi 8. A Amurka aka ƙirƙiro shi a shekarun 1920, ya shiga Olamfik a 1968. Zagaye ɗaya a dukansu faifai 25 ne. Sifotin shi ne na yawo cikin daji daga tasha zuwa tasha, inda ake kwaikwayon tashin tsuntsaye iri-iri har da faifan da ke gangarawa a ƙasa kamar zomo, kuma shi ne ya fi farin jini a Ingila.

Ina zumuncin yake a cikin harbin bindiga?

A cikin jiran layi yake. A sifotin mutum huɗu ko biyar ne ke tafiya tare, ɗaya yana harbi, ɗaya yana danna masa maɓallin injin, ɗaya yana rubuta maki, sauran suna bayansa suna lura. Harbin kowa a tasha bai wuce 'yan mintuna ba, ragowar safiyar tafiya ce da hira. A nan na zauna da manoma da makanikai da likitoci da tsofaffin da suka yi ritaya, mutanen da ba zan taɓa haɗuwa da su a wurin aikina ba, kuma ga baƙo a ƙasar da maƙwabci ke iya shekara bai san sunanka ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Akwai ladabin da ake kiyayewa: a yi shiru idan wani ya ɗaga bindiga, kada a ba da shawarar da ba a nema ba, kada a taɓa bindigar wani sai da izininsa, kowa kuma ya kwashe kwanson harsashinsa. Bayan an gama a koma ɗakin kulob a sha shayi. Masu fargabar giya su sani ba a barin wanda ya sha ya riƙe bindiga, kuma ba a taɓa yi mini kallon banza don na tsaya a kan shayi ba.

Mata suna yi?

Suna yi, suna kuma cin maza. Kim Rhode ta Amurka ta samu lambar yabo a gasar Olamfik shida a jere daga 1996 zuwa 2016, Adriana Ruano kuma ta ci wa Gwatemala zinarenta na farko a tarihi a tirap a 2024.

Wasan Turawa ne kawai ke nan?

A'a. Ahmed Al Maktum na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ya ci zinare a gasar Olamfik ta 2004, Fehaid Al-Dihani ɗan Kuwaiti ya ci a 2016, Nasir Al-Attiya na Katar ya ci tagulla a sikit a 2012.

Dole ne in toshe kunne? Abin yana takura mini.

Dole ne, da tabarau, da hular hana sallah saboda ɓaraguzan faifai da ke zubowa. Ƙarar bindiga a kusa da kunne takan wuce desibel 140, kuma jin da ya tafi ba ya dawowa. Ku kuma wanke hannu kafin ku ci abinci, domin dalma kuke taɓawa. Wanda ya tuna abin da gubar dalma ta yi wa yara a ƙauyukan Zamfara a 2010 ba ya bukatar a yi masa dogon bayani.

Zan iya gwadawa a gonarmu idan na koma gida, ko da bindigar toka?

Kada ka yi. A Najeriya mallakar bindiga sai da lasisi, kuma ƙarar harbi daga gona a halin da ake ciki na iya jawo maka da maƙwabtanka masifa. A Ingila ana barin fili na mita 275 babu kowa a gaban maharbi saboda ƙwayoyin da ke faɗowa, kuma ba kowace gona ce za a tabbatar babu yaro ko makiyayi a irin wannan tazarar ba.

Wace bindiga zan saya?

Babu, tukuna. Ka je filin da aka amince da shi, misali cibiyar harbin faifai ta Bisili a yankin Sari, wadda aka gina don gasar ƙasashen renon Ingila ta 2002, ko ka duba jerin filayen CPSA, ƙungiyar masu harbin faifai ta Ingila da aka kafa a 1928. Ka biya kuɗin darasi, ka yi amfani da bindigar filin na wasu watanni. Wasan yana cin kuɗi, domin kowane faifai da kowane harsashi biya ake yi. Idan bayan haka kana nan a kan bakanka, sai ka nemi lasisi wurin 'yan sandan yankinka, waɗanda za su binciki tarihinka da lafiyarka, su zo gida su duba akwatin ƙarfen da za ka kulle ta a ciki, kuma lasisin shekara 5 yake yi kafin a sabunta shi.