Me Kirista ke nufi da "almajiranci"?

A Sakkwato idan aka ce almajiri, abin da ke faɗo wa mutum a rai shi ne yaro da allonsa a gaban malam. Shi ya sa baƙo kan yi mamaki in ya ji fasto ranar Lahadi yana cewa, "Mu almajiran Yesu ne." Ba jiya aka fara ba. Littafi Mai Tsarki ya fito cikakke da Hausa a 1932, kuma da wannan suna masu karanta shi suka san su Bitrus da Andarawus.

Asalin kalmar Larabci ne, almuhajir, wanda ya bar gida. Ta kuwa dace, domin masuntan nan barin tarunansu suka yi a bakin Tekun Galili suka bi Yesu. Sunan "Kirista" ma daga baya ya zo, a Antakiya, kamar yadda Ayyukan Manzanni 11:26 ya nuna.

Almajiranci ke nan: zama kusa da Almasihu kullum ana koyon halinsa. Da yawa muna ɗaukarsa ajin shirin baftisma ne, a gama a karɓi takarda. Wannan na damuna, don ajin ƙofa ce kawai, kuma mafi yawan abin da ake koya yakan zo ta inda ba a zata ba. A Luka 24, mutum biyu sun yi doguwar tafiya da Yesu zuwa Imuwasu yana buɗe musu Nassi, amma ba su gane shi ba sai da ya gutsuttsura gurasa.

Ni ma haka ta same ni. An haɗa ni da wata dattijuwa 'yar zumuntar matan coci a unguwar Mabera, in riƙa karanta mata Littafi da yamma saboda idonta ya yi rauni. Na je da shirin koyarwa. Ran nan muna Matiyu 18, wurin gafara bakwai har sau saba'in, sai ta miƙe ta zuba tuwo a kwano, ta rufe da faifai.

"Ɗana, kai wa maƙwabciyata."

Na san matar. Ita ce ta yi mata ƙazafin sata bara.

"Mama, ita fa?"

"Ba ta da lafiya, kwana biyu ba ta hura wuta ba. Yi sauri kada ya huce."

Na ɗauki kwanon, a hanya kuwa ƙanena kawai nake tunawa, wanda na yi wata takwas ban ɗaga wayarsa ba.