Tallafin noma ya zo, to me ya shiga tukunya? Amsar tambayoyin da aka dame ni da su

Duk shekara idan aka soma maganar rabon irin shuka, wayata ba ta hutawa, kuma abin da ake tambayata a nan Gadarif, a ƙasar Sudan, shi ne dai ake aiko mini daga Maiwurno da Damazin da kambunan Jazira, wato zangunan ma'aikatan gona. Na daɗe ina aikin malamin gona, wanda a nan ake kira murshid, kuma na gaji da maimaita magana ɗaya a ƙofar masallaci da wurin ɗaurin aure. Ga amsoshin a wuri ɗaya. Wanda ya sake tambayata, wannan zan tura masa.

Mene ne tallafin noma?

Iri ne, ko taki, ko man gas na tarakta, ko rance daga Bankin Noma, ko kuma alkawarin gwamnati cewa za ta sayi amfanin gona a kan farashin da ta yanka. Wani kyauta ne, wani bashi ne. Ku tambayi wanne aka ba ku kafin ku dangwala yatsa.

Idan gida babu abinci, za a iya cin irin da aka raba?

A'a. Irin da kuka ga launinsa ja ne ko shuɗi an cuɗanya shi da maganin ƙwari da na ruɓewa, kuma an sa masa launin ne domin a gane cewa guba ce. Na taɓa shiga wani gida na tarar da uwargida ta zuba irin dawa a babban daro tana wankewa, ruwa na uku ke nan, ya koma ruwan hoda, ga yara sun kewaye ta suna jiran a kai niƙa. Na ce mata, "Inna, don Allah ki dakata, wanki ba ya fitar da wannan magani." Ban ga laifinta ba, domin yunwa ce ta kai ta. Amma ko kaza kada a ba wa.

Ni ba ni da hawasha, wato gonar rajista a aikin noman rani na Jazira, a kambo nake. Ina da rabo a ciki?

A bisa takarda, sau da yawa babu, kuma gara in gaya maka gaskiya, ɗan'uwana. An buɗe aikin noman rani na Jazira a 1925, shekarar da aka gama madatsar ruwan Sinnar, daga baya aka ƙara masa yankin Manakil har filinsa ya kai kimanin faddan miliyan 2 (faddan ɗaya ya ɗan ɗara eka ɗaya). Tun daga farko an gina shi ne a kan mai hawasha, wato wanda sunansa yake cikin rajista. Kakanninmu da suka tsaya a kan hanyarsu ta zuwa Makka suka tsinci auduga, da yawansu a matsayin ma'aikata suka shiga, kuma jikokinsu har yau noman raba-daidai suke yi a gonar wani. Dokar 2005 ta ba manomi damar shuka abin da ya ga dama, amma ba ta sauya sunan da ke rajista ba. Saboda haka taki da rance suna bin mai takarda, ko da yana zaune a Wad Madani bai taɓa riƙe fartanya ba.

Abin da ya rage maka shi ne ka zauna da mai gonar tun kafin shuka, a gaban shaidu biyu, ku yanke magana: takin tallafin zai shiga wannan gonar ko kasuwa za a kai shi, kuma idan ya shiga, da farashin tallafi za a cire kuɗinsa kafin raba amfani ko da farashin kasuwa? Rigimar da nake yawan sasantawa lokacin kaka a nan take farawa. Ƙungiyoyin agaji kuwa wasu lokuta suna rubuta masu noma ne ba masu fili ba, don haka idan an zo rajista ka je da kanka, kada ka aika yaro.

Idan amfanin gona ya ƙaru, ai kuɗin gida ya ƙaru ke nan?

Da haka ne da ban rubuta wannan ba. Manomin da ya ci shel, wato ya karɓi kuɗi ko hatsi daga ɗan kasuwa a tsakiyar damina a kan zai biya da buhuna lokacin girbi a farashin da bai kai na kasuwa ba, ƙarin da irin tallafi ya kawo masa yana wucewa ne kai tsaye daga masussuka zuwa shagon mai bashi. Ga kuma faɗuwar farashi lokacin kaka, domin kowa a mako ɗaya yake kai kaya. Farashin gwamnati ma ba abin jingina ba ne: a 2022 an yanka wa alkama farashi mai kyau, manoma suka yi girbi, kuɗin sayen bai fito ba, da yawa suka sayar wa 'yan kasuwa da asara.

An ba ni rance, ko na samu tallafin huɗa. In shuka riɗi in sayar, ko dawa in ci?

Wannan ita ce tambayar da ta cancanci a zauna a kanta, kuma duk wanda ya amsa maka da kalma ɗaya bai san gidanka ba. Riɗi ya fi dawa kuɗi, babu gardama, kuma kasuwar amfanin gona ta Gadarif da shi ta yi suna. Yana kuma nuna da wuri, wajen Oktoba, lokacin da aljihu ya bushe. Sai dai riɗi ba ya jiran kowa. Idan ya nuna, kwanaki kaɗan gare ka ka yanke shi ka jingina dammunan, in ba haka ba kwanson ya tsage ya zube a ƙasa, kuma a waɗannan kwanakin ne kowa yake neman ma'aikata, ladansu ya yi sama. Idan kana da 'ya'ya manya ko kana cikin masu gayya, abin da maƙwabtanmu suke kira nafir, lissafinka daban ne da na wanda sai ya biya kowane hannu. Ruwa mai yawa da ke kwanciya a baƙar ƙasar nan tamu ma yana kashe riɗi, dawa kuwa ta fi shi haƙuri.

Sannan akwai maganar kuɗin kansa. A Fabrairun 2021 dala ta tashi a hukumance daga fam 55 na Sudan zuwa kusan 375 a rana ɗaya, kuma tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 darajar fam sai ƙara zubewa take yi. Wanda ya sayar da riɗi a Nuwamba ya ajiye kuɗin a wayarsa, idan ya zo sayen dawa a Yuli zai tarar kuɗin sun rame, dawar kuma ta yi tsada. Buhun da ke cikin matmura, ramin ajiyar hatsi, shi ba ya ramewa, in dai an tsare shi daga danshi da ƙwari. Amma a nan ma dole in yi togaciya, domin a wuraren da yaƙi ya ratsa, kamar Jazira tsakanin Disambar 2023 da Janairun 2025, mutane sun gudu sun bar hatsinsu, kuma wanda yake da kuɗi a Bankak, manhajar banki ta waya, shi ya iya hawa mota da iyalinsa. Kai ka san yadda garinku yake kwana, ni ban isa in auna maka wannan daga nesa ba.

Idan rancen na salam ne, wato banki ya ba ka kuɗi yanzu a kan za ka kawo buhuna kaza lokacin girbi, to zaɓinka ya riga ya ragu, tunda abin da ka sa hannu a kai shi za ka kawo. Ka nemi a karanta maka farashin buhun da aka rubuta, ka kuma tambaya ko akwai sharaɗin gyara farashi idan kasuwa ta yi nisa da shi. Manoma sun sha kwana a kurkuku a ƙasar nan saboda cakin biyan bashi da ya dawo don babu kuɗi a asusu, wannan ba tatsuniya ba ce.

Abin da ni nake yi, ban ce dole ne ga kowa ba: na fara ƙidaya buhunan dawa da gidana yake ci daga kaka zuwa kaka, na ware filin da zai ba da su ko a shekarar da ruwa ya yi gardama, sannan abin da ya rage ya zama na riɗi ko gyaɗa. Wanda gonarsa ba ta kai ta ciyar da gida ba ko da ya shuka dawa gaba ɗaya, kuma ƙuduji ya riga ya cinye ƙasar, wataƙila shi riɗin ne ya fi masa, da sharaɗin ranar da ya sayar ya wuce ya sayi hatsi kafin ya koma gida.

Muna da hatsi, amma yaron sai ramewa yake yi. Me ya sa?

Hankalinki ya kwanta, 'yar'uwa, ba sakacinki ba ne, kuma ba maita ba ce. Kisra, wato fallen gurasar dawa, da asida, wato tuwo, suna cika ciki, amma cikin yaro ƙarami ne, yana ƙoshi kafin jikinsa ya samu abin da yake bukata. Daga wata 6, bayan nono zalla, ana so yaro ya samu aƙalla rukuni 5 cikin rukunan abinci 8 a rana: nono, hatsi, wake ko gyaɗa, madara, nama ko kifi, ƙwai, ganye da kayan marmari masu launin ɗorawa, da sauran kayan lambu. Cokalin dakwa, wato markaɗaɗɗiyar gyaɗa, a cikin kunu, ƙwai ɗaya, kuɓewa da rama daga jubraka, ɗan lambun da ke jikin gida, sun fi ƙarin buhun dawa amfani ga wannan yaron. Gyaɗar da ta yi fumfuna kuwa a zubar, gubarta tana cin hanta. Gudawa da zazzaɓin cizon sauro ma suna zubar da abin da aka ci. Ki kai shi a auna damtsensa da zaren awo: idan ya faɗa ja, wato ƙasa da santimita 11.5, ko ƙafafunsa biyu sun kumbura, tamowa ce mai tsanani, a ranar za a kai shi asibiti.

Me ya sa wasu ƙungiyoyi suke nacewa sai sunan mace?

Domin ita ce mai ɗora tukunya. Ku maza da kuke fushi da wannan, ku gaya mini ina kuɗin riɗin bara suka shiga. Na san na babur, na san na lefe. Akuyar da aka ba matar gida da irin kayan lambun da ta shuka, su ne na gani da idona sun koma madara da miya. Sai dai a taimaka mata da ɗiban ruwa, kada tallafin ya zama ƙarin aikin da zai raba ta da mai shan nono.

Akwai zakka a kan abin da aka noma da tallafi?

Akwai, idan ya kai nisabi, kimanin kilo 653. Ushiri ne ga noman damina. Sauran bayani na malamai ne.

Kuɗi ne ya fi ko iri?

Inda kasuwa take ci kuma akwai kaya, kuɗi ya fi, domin gidan ya san abin da ya fi damunsa. Inda hanya ta yanke, kuɗi ba ya sayen abin da babu. Shirin tallafin kuɗi na gwamnati mai suna Samarat na 2021, wanda ya riƙa ba kowane mutum da aka rubuta kwatankwacin dala 5 a wata, ya tsaya bayan juyin mulkin Oktoban shekarar, saboda haka kada wani ya gina kasafin gidansa a kan abin da ba a hannunsa yake ba. Ni dai abin da na fi tambaya shi ne ranar da kayan za su iso. A yankin Gadarif muna shuka ne daga ƙarshen Yuni zuwa Yuli. Idan an rubuta sunanku, ku gode, amma ku ajiye irinku na gida a gefe, kuma idan ruwan shuka ya sauka motar ba ta zo ba, ku shuka naku.