Injin fasa kankare na lantarki

Injin fasa kankare na lantarki, wanda masu aikin gini suka fi kira da jak hama duk da cewa ainihin jak hama shi ne babban nan da ake fasa kwalta da shi, inji ne da ake riƙewa a hannu a jona shi da wuta ta waya, aikinsa sassaƙe kankare, ɓamɓare tayil da filasta, da yanka hanyar bututu ko waya a bango. Bambancinsa da injin huda shi ne bakinsa ba ya juyawa, duka kawai yake.

Yadda yake aiki

A cikinsa akwai mota, wato ɓangaren da wuta ke juyawa, da ke tura fistin gaba da baya, fistin ɗin yana matse iska, iskar kuma ta harba wani dunƙulen ƙarfe ya daki gindin cizal, wato bakin ƙarfen da ke yin fasawar, sau dubu ɗaya zuwa dubu uku a minti gwargwadon girman injin. Ƙarfin dukan daga iskar nan yake zuwa, shi ya sa danna injin da ƙirji ba ya ƙara komai sai gajiya. Gindin cizal kala kala ne, akwai mai kusurwa shida, akwai SDS wanda kamfanin Bosch na Jamus ya fito da shi a 1975, ƙaraminsa SDS-plus milimita 10 ne, babban SDS-max milimita 18, kuma ba sa shiga ramin juna.

Wutar da yake buƙata

A nan ne injuna da yawa ke mutuwa. Matsakaicin inji yana cin wat 900 zuwa 1,700, misali Bosch GSH 11 E wat 1,500 ne kuma nauyinsa ya kai kilo 10. Wutar Najeriya bolt 230 ce, ta Nijar 220, to inji mai wat 1,500 zai ja amfiya, wato ma'aunin yawan wutar da ke bin waya, kusan 6 da rabi, fis mai amfiya 13 na filogi mai ƙafa uku ya ishe shi. Amma injin da aka yi don Amurka na bolt 120 ne, a Ingila kuma wuraren gini suna amfani da bolt 110 ta wata taransifoma mai ruwan ɗorawa, kuma irin waɗannan suna shigowa cikin kayan gwanjo, mutum ya saya da murna ya yanke filogin ya sa namu, yana jonawa sai hayaƙi, koyil ya ƙone. Maganin abin dai a karanta ɗan allon da ke jikin injin kafin a biya kuɗi.

Janareta ma haka. Ƙaramin nan da ake ce wa na fi maƙwabcina bai kai wat 1,000 ba, ba zai ɗauka ba, domin lokacin tashi motar tana fizgar wuta fiye da abin da aka rubuta, ana so a samu mai ƙarfin kVA 2.5 zuwa 3, wato ma'aunin ƙarfin janareta, kuma kar a haɗa shi da injin walda a lokaci guda. Raunin wuta shi ma illa ne, idan NEPA ta kawo rabin wuta injin zai riƙa nishi yana zafi.

Sai wayar ƙari. Siririyar waya mai tsawo tana zubar da ƙarfin wuta a hanya, ita kanta ta yi zafi, don haka mai kaurin milimita murabba'i 1.5 ta gajeren zango ce, in ya wuce mita 25 gara 2.5, kuma in a naɗe take a kan faifai a warware ta duka. Cusa tsirarar waya a soket a tokare da tsinken ashana, ko waya mai ƙulli goma da salatef tana kwance cikin ruwan kwaɓin siminti, wannan kam shi ke kashe lebura. Ya kamata layin ya bi ta bireka mai gane yoyon wuta, mai katsewa a miliamfiya 30. Inji mai alamar murabba'i cikin murabba'i rufinsa biyu ne ba ya buƙatar wayar ƙasa, wato wadda ke zubar da yoyon wuta a ƙasa, wanda ba shi da wannan alamar kuwa dole a haɗa masa wayar.

Tsaro wajen aiki

Kafin a sa baki a bango a san inda waya da bututun ruwa suka bi, a kashe wutar ɓangaren, a riƙe injin ta hannayensa na roba da hannu biyu, wayar kuma ta bi ta bayan mutum. Ana farawa daga gefe ne a riƙa ɓalle kaɗan kaɗan, in aka nutsa cizal a tsakiya sai ya maƙale. Ginshiƙi da bim, wato kankaren da ke kwance a kan ginshiƙai, da dekin ba a taɓa su sai da izinin injiniya. Duk lokacin canza cizal a zare filogi tukuna, kuma cizal ɗin da ya gama aiki yana ƙona hannu.

Abin da aka fi rainawa shi ne ƙura. Kankare akwai silika a cikinsa, wato sinadarin da ke cikin yashi da dutse, ƙurarta mai laushi tana zama a huhu ta haifar da cutar silikosis wadda ba ta warkewa, kuma sai bayan shekaru take bayyana da tari da haki har a ɗauka tarin fuka ne. Ɗaura tsumma ko rawani a hanci ba ya tare ta, sai takunkumi irin N95 ko FFP3, da ɗan yayyafa ruwa a inda ake fasawa ba tare da ya taɓa injin ba. Ƙararsa tana kaiwa desibel 100, alhali daga 85 kunne ke fara lalacewa, don haka abin toshe kunne da tabarau da takalmin sefti ba ado ba ne.

Girgiza kuma tana kashe jijiyoyin yatsu, su riƙa yin fari suna mutuwa. Dokar Tarayyar Turai ta 2002 ta sa iyakar girgizar hannu a mita 5 a sakan murabba'i, wato ma'aunin ƙarfin girgiza, idan aikin na awa takwas ne, wato injin da girgizarsa ta kai 10 awa biyu kawai ya halatta mutum ɗaya ya riƙe shi a rana, shi ya sa ake karɓa karɓa.

Kula da shi

A shafa giris a gindin cizal, a hure ƙura daga ramukan shan iska, in an ga tartsatsi ya yi yawa ta gefen mota to kabon ya cinye, wato 'yan dunƙulen nan guda biyu da ke kai wuta ga amecha, ɓangaren motar da ke juyawa, a canza duka biyun tare kafin ya ci amechar.