Richard Reyment

Richard Arthur Reyment (1926–2016) masanin burbushin halittun zamanin da ne, haifaffen Ostireliya wanda ya ƙare rayuwarsa a Suwidin. A Najeriya an fi saninsa da aikin da ya yi a kan duwatsun zamanin Kiretashiyos (wani dogon zamani a tarihin ƙasa da ya ƙare kimanin shekara miliyan 66 da suka wuce), inda ya yi amfani da ɓawon halittun teku da suka zama dutse wajen tantance wace shimfiɗar dutse ta girmi wace. A sauran duniya kuwa sunansa ya fi fita wajen shigar da lissafi cikin nazarin siffar burbushi.

Rayuwarsa da ayyukansa

Ya yi digirinsa na farko a Jami'ar Melbon. Daga 1950 zuwa 1956 ya yi aiki da Hukumar Binciken Ƙasa da Ma'adinai ta Najeriya, wadda aka kafa a 1919, wadda kuma hedikwatarta take Kaduna a wancan zamani. Bayan ya yi digirin digirgir a Sitokhom ya koyar a can, sannan ya dawo Najeriya ya zama farfesa a Jami'ar Ibadan daga 1963 zuwa 1965. A 1967 ya hau kujerar farfesan tarihin ƙasa da burbushin halittu a Jami'ar Ufsala, bai bar ta ba sai da ya yi ritaya a 1991.

Kaduna kanta ba ta da burbushi. Garin da kewayensa suna zaune ne bisa tsofaffin duwatsun gindi, irin su giranit, waɗanda suka daskare daga narkakken dutse ko kuma zafi da matsi suka sauya su tun kafin a samu halittu masu ɓawo irin waɗanda ake magana a nan. Duk wanda ya fasa duwatsun Kajuru ko Kufena yana neman katantanwar da, wahalar banza zai sha. Saboda haka ma'aikatan hukumar sai sun yi tattaki zuwa kwarin Binuwai, ko Gombe, ko Sakkwato, ko Abakaliki, su tattaro samfuri. Har gobe haka ɗaliban ilimin ƙasa na Zariya da Kaduna suke yi idan lokacin aikin fili ya zo.

Amonait da tsara shekarun duwatsu

Amonait halittar teku ce mai naɗaɗɗen ɓawo, 'yar uwar dabbar tekun nan mai hannaye takwas (octopus), wadda ta ƙare kimanin shekara miliyan 66 da suka wuce. Cikin ɓawonta a rarrabe yake ɗaki-ɗaki, dabbar tana zaune a ɗakin ƙarshe, sauran ɗakunan kuma suna ɗauke da iska da ɗan ruwa don ta iya shawagi. Amfaninta ga mai bincike biyu ne: jinsunanta suna saurin sauyawa, ta yadda da yawa ba sa wuce shekara miliyan ɗaya ko biyu kafin wasu su maye gurbinsu, kuma jinsi ɗaya yakan bazu a tekuna masu nisa da juna. Idan aka ga jinsi guda a Gombe da Aljeriya, an san duwatsun biyu tsararraki ne.

A 1954 Reyment ya bayyana sababbin rukunai da dama, ya laƙaba musu sunayen wuraren da suka fito: Gombeoceras, Bauchioceras, Benueites da Ezilloella. A 1955 hukumar ta wallafa babban aikinsa kan amonait ɗin kudancin Najeriya da kudancin Kamaru a matsayin rahotonta na 25. Abokin aikinsa W. Barber ya biyo da rahoto na 26 a 1957, kan na arewa maso gabas. Littafinsa na 1965, Aspects of the Geology of Nigeria, shi ya yaɗa sunayen Mamu, Ajali da Nsukka a madadin tsofaffin sunayen da ake kiran shimfiɗun kwal na yankin Inugu da su. Yau da wuya ɗalibi ya rubuta kundin digiri a kan waɗannan duwatsu bai ambaci wannan littafi ba.

Yadda ake aikin a fili

Ka'idar tushe ba ta da wuya: shimfiɗun laka, yashi da farar ƙasa suna kwanciya ne kamar tabarmi bisa tabarma, ta ƙasa ita ce ta fari, muddin motsin ƙasa bai kifar da su ba. Wahalar tana wajen kiyayewa.

Mai bincike yakan nemi gaɓar rafi ko ramin haƙar dutse inda shimfiɗun suka bayyana. Ya fara daga ƙasa, yana auna kaurin kowace da tef, yana ba ta lamba, yana rubuta launinta da irin dutsenta. Burbushi sai an ciro shi daga jikin shimfiɗar da guduma da kurfi, a naɗe shi a takarda, a rubuta lambar shimfiɗar nan take kafin a matsa gaba. Wanda aka tsinta a yashe a gindin gangare, komai kyawunsa, ba ya ba da shaidar shekaru, domin ruwan sama kan gangaro da shi daga mita goma ko ashirin a sama. Wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa a tsofaffin tarin samfuri, kuma shi ke sa a ga jinsuna biyu da ba su taɓa zama tare ba an jera su a shimfiɗa guda. Wani abin kuma, ɓawon da ma'adinin fairait ya cike yakan ruɓe ya zama gari idan danshin damina ya same shi a ma'aji, don haka ana ajiye shi a busasshen akwati rufe.

A ɗakin bincike ana auna abu huɗu a kowane ɓawo: faɗinsa gaba ɗaya, tsayin zagayen ƙarshe, kaurinsa, da faɗin cibiyar, wato ramin tsakiyar naɗin. Ana kuma zana layin da bangon ɗaki ya bari a inda ya haɗu da ɓawon waje, domin lanƙwashe-lanƙwashensa suna bambanta dangi da dangi.

Ostirakod

Rijiyar haƙar mai ko ta burtsatse ba ta fito da amonait a cike, bakin injin niƙe shi yake yi. Wannan ya sa daga 1960 Reyment ya mai da hankali kan ostirakod, ƙananan 'yan uwan jatan lande masu ɓawo biyu, waɗanda yawancinsu ke tsakanin rabin milimita da milimita biyu. Ya fitar da nazarinsu na Najeriya kashi uku, a 1960, 1963 da 1966.

Ana busar da dutsen laka kamar giram 100, a farfasa shi, a jiƙa a ruwan haidirojin ferokzaid mai rauni har ya saki jiki, a wanke a rariya mai ido maikiron 63 (maikiron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), a sake busarwa, sannan a tsince ɓawon ɗaya-ɗaya da jiƙaƙƙen buroshi ƙarƙashin madubin ƙara girma. Ba a zuba asid, domin ɓawon da farar ƙasa sinadarinsu ɗaya, tare za su narke. Rariyar da ba a wanke sosai ba tana kai ɓawon wani samfuri cikin wani. A rijiya kuma ɓaraguzan sama suna zubowa ƙasa, shi ya sa ake dogara da zurfin da aka fara cin karo da jinsi ana gangarawa, ba inda aka daina ganinsa ba.

Akwai tarko na musamman a wannan halitta. Tana saɓa yawanci sau takwas kafin ta balaga, kowace saɓa ta bar ɓawo mai girma dabam, kuma namiji yakan fi tamata tsawo da siranta. Wanda bai sani ba sai ya ba dabba ɗaya sunaye uku. Irin wannan matsala ce ta kai Reyment ga lissafi: a auna ɓawo ɗaruruwa, a haɗa ma'aunai da yawa a lokaci guda, a ga ko gungu biyu ne da gaske ko kuwa bambancin 'yan gida ɗaya ne. Littafin da suka rubuta da R. E. Blackith a 1971, Multivariate Morphometrics, ya zama abin koyarwa har ga masu nazarin ƙwari da tsirrai. Yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar duniya ta masu amfani da lissafi a ilimin ƙasa, a Firag cikin Agustan 1968, a daidai kwanakin da sojojin Tarayyar Sobiyet da ƙawayenta suka mamaye birnin, babban taron masana ilimin ƙasa na duniya da ake yi a can ya watse. Shi ne sakatarenta na farko, daga baya ya shugabance ta.

Tun a 1958 ya yi wani gwaji da ya shafi amonait, wanda ake yawan ambato. Ya nuna cewa siffar ɓawo da tsawon ɗakin da dabbar ke zaune su ke sa ɓawon ya nutse ko ya yi ta yawo a saman ruwa bayan ta mutu. Ma'ana, inda aka samu amonait ba lallai nan ta rayu ba.

Tekun da ya ratsa Sahara

Amonait ɗin Gombe da Pindiga, musamman dangin Vascoceras, sun yi kama ƙwarai da na Damargu a Nijar da na Aljeriya da Tunisiya. Reyment yana cikin waɗanda suka fi ƙarfafa hujjar cewa kimanin shekara miliyan 94 da suka wuce wani teku marar zurfi ya taso daga arewa, ya ratsa Sahara, ya bi kwarin Binuwai ya haɗe da Tekun Atlantika. Ya kuma kawo hujjar ostirakod cewa teku ya sake shigowa bayan ƙarewar amonait, lokacin da farar ƙasar Kalambaina ta Sakkwato ta kwanta. Ko wannan na biyun ya kai har kudu, masana sun yi ta jayayya a kai.

A 1972 shi da E. A. Tait suka kwatanta burbushin gaɓar Afirka ta Yamma da na Sarjife a Birazil, suka ce sai a farkon zamanin Turoniyan (ɗaya daga ƙananan zamanan Kiretashiyos) ruwan arewacin Atlantika da na kudanci suka haɗe sosai. W. J. Kennedy da M. Cooper sun ƙalubalanci wannan a 1975, suna ganin haɗewar ta riga haka, tun ƙarshen zamanin Albiyan da ya riga Turoniyan, kuma ra'ayin haɗewa da wuri ne ya fi samun karɓuwa daga baya.

Abin da aka gyara

Ba lokacin buɗewar tekun kaɗai aka gyara wa Reyment ba. Da aka buɗe ramin haƙar farar ƙasa na masana'antar siminti ta Ashaka, an samu damar tattara amonait shimfiɗa bayan shimfiɗa, da yawan da ba a taɓa samu ba a shekarun 1950. Aikin Christian Meister na 1989 da na Peter Zaborski sun nuna cewa jinsi ɗaya na iya fitowa siriri ko kumburarre, mai ƙurji ko sumul, duk a shimfiɗa guda. Aka mayar da Gombeoceras ƙarƙashin Thomasites, yawancin masana kuma suka haɗe Bauchioceras da Pseudotissotia. Abin lura, irin hanyar auna bambanci da Reyment kansa ya yi ta kira a bi ce ta rage yawan sunayen da aka raɗa a zamaninsa. Haka kuma wani ɓangare na shimfiɗun da aka daɗe ana lissafawa a farkon Turoniyan ya koma ƙarshen Senomaniyan, zamanin da Turoniyan ya biyo bayansa, musamman bayan da aka tsayar da iyakar zamanan biyu a wani yankin dutse kusa da Fuwebilo a jihar Kolorado ta Amurka a 2003, aka ƙiyasta ta a shekara miliyan 93.9.

Wannan aikin daidaita iyakoki yana da hannunsa a ciki. Shi ya jagoranci shirin ƙasa da ƙasa kan al'amuran tsakiyar Kiretashiyos a shekarun 1970, shirin da ya haɗa masu bincike daga nahiyoyi daban-daban, kuma shi ne ya kafa mujallar Cretaceous Research da ta fara fitowa a 1980, wadda masu bincike kan duwatsun Binuwai, Gongola da Sakkwato suke wallafa sakamakonsu a cikinta har yanzu.