Agogon Ƙwarangwal Mai Wana Kansa: Tambayoyi da Amsoshi

Wane irin agogo ake kira na ƙwarangwal?

Agogo ne da aka fafe fuskarsa, aka yanke duk ƙarfen da ba dole ba ne, har mutum yana ganin kayan cikinsa suna motsi. Ana danganta farkon wannan aiki ga André-Charles Caron, wani maƙerin agogo a birnin Faris, wajen 1760. Akwai kuma wanda taga ɗaya kawai aka huda masa a fuska. Wannan bai kai ƙwarangwal ba, ko da mai shago ya kira shi haka.

Tunda babu batir, me ke tafiyar da shi?

Sifirin ne: siririn ƙarfe mai tsawo da aka naɗe cikin wani ɗan gwangwani. Idan aka wana shi sai ya matse, yana neman warwarewa. Ƙarfin warwarewar ne ke bi ta jerin ƙafafu masu haƙora har ya kai ga hannayen agogo. Da za a sake shi, da nan take zai ƙare. Shi ya sa aka sa masa mai tsaron ƙofa, wani ɗan ƙarfe mai kama da cokali mai yatsu biyu, yana riƙe haƙori yana saki, ɗaya bayan ɗaya. Mai ba shi umarni kuwa wata ƙafa ce da ke kai da komowa a kan sifirin mai sirantar gashi. Yawanci tana bugawa sau 21,600 ko 28,800 a awa, wato sau 6 ko 8 a daƙiƙa guda. Ita ce kake gani tana rawa ba tsayawa, kuma a wurina ita kaɗai ta isa dalilin fafe fuskar agogo.

To ta yaya yake wana kansa?

Juya bayansa, in murfin na gilashi ne. Za ka ga wani ƙarfe mai nauyi, siffar rabin faifai, an kafa shi a tsakiya. Duk sanda ka motsa hannu, nauyinsa yana rinjayarsa ya juya, juyin kuma yana matse sifirin kaɗan-kaɗan. Tafiya, tuƙi, rubutu, gaisawa, duk suna wana shi.

Baturen Ingila John Harwood ne ya kawo wannan dabara cikin agogon hannu a shekarun 1920, sai dai nasa ƙarfen bai cika zagaye ba, yana zuwa ya bugi shinge ya dawo. A 1931 kamfanin Rolex ya fito da mai zagayawa gaba ɗaya. Seiko na Japan ya sauƙaƙa abin a 1959 da ƙarfe mai farce biyu, ɗaya na ja ɗaya na turawa, saboda ko ta ina nauyin ya juya sifirin na samun rabonsa. Seiko 5, wanda dattawanmu da yawa suka ɗaura, ya fito a 1963.

Yawan motsi ba zai tsinka sifirin ba?

A'a. Ƙarshensa ba a ɗaure yake ba. In ya cika sai ya riƙa zamewa a jikin gwangwanin.

Na ajiye shi kwana biyu ya tsaya. Ya lalace ne?

Lafiyarsa lau. Yawancin irinsa awa 40 ko kusa da haka suke yi a ajiye, wasu sababbi su kai 70 zuwa 80. Murza maɓallin gefe kamar sau ashirin, ka saita lokaci, ka ɗaura. Wasu tsofaffin Seiko 5 ba a wana su da maɓalli, girgiza su ake yi a hankali.

Ya fi mai batir riƙe lokaci?

Bai fi ba, kuma kada wani ya ce maka ya fi. Mai batir yana aiki da ɗan dutsen kwaz da ke karkarwa sau 32,768 a daƙiƙa, kuskurensa 'yan daƙiƙoƙi ne a wata. Mai sifirin kuwa, ko wanda COSC, hukumar gwajin agoguna ta Suwizalan, ta tantance, an yarje masa ya makara daƙiƙa 4 ko ya yi gaba da 6 a yini. Mai araha kan wuce haka sosai. Ƙari a kan wannan, hannayen agogon ƙwarangwal sukan ɓace cikin ƙarafan da ke bayansu, don haka ka zaɓi mai hannaye masu launi daban.

Me ya kamata in kiyaye?

Maganaɗisu da farko: kada ka kwantar da shi kan lasifika, domin siririn sifirin nan yakan manne da kansa, agogo ya kama gudu. Sai ƙurar hunturu. Kada ka bar maɓallin gefe a jaye, kuma kada a buɗe murfinsa a fili. Jajayen duwatsun da kake hange yaƙutu ne na masana'anta, an sa su don rage gogayya, kuma man da ke kansu yana bushewa. Bayan 'yan shekaru ka kai shi wurin mai gyaran agogo wanda ya san na sifirin, ya wanke ya sa sabon mai.