Na'urar Tace Iska a Gida: Abin da Ya Kamata a Duba Kafin a Saya

Daga watan Nuwamba zuwa Maris, iskar hunturu tana kwaso ƙura daga hamadar Sahara, musamman daga kwarin Bodele da ke arewacin ƙasar Chadi, wanda yake cikin wuraren da suka fi ko'ina tayar da ƙura a duniya, ta baza ta a kan garuruwan Nijar da arewacin Najeriya har ta gangara bakin teku. A wannan lokaci ne asibitoci suke cika da masu tari da mura da ciwon ido, masu asma kuma suke kwana a zaune saboda sarƙewar numfashi. A 'yan shekarun nan na'urorin tace iska sun fara bayyana a shagunan kayan lantarki da shafukan ciniki na intanet, kuma iyaye suna yawan tambayarmu, mu ma'aikatan lafiya, ko wannan na'ura za ta kawo sauƙi ga yaro mai asma ko dattijo mai ciwon ƙirji. Amsar ita ce na'ura mai inganci tana taimakawa ƙwarai, matuƙar an zaɓe ta daidai da girman ɗakin, kuma an san aikin da take iya yi da wanda ya fi ƙarfinta.

Ƙurar da muke gani ta kwanta a kan tebur da kujeru ba ita ce ta fi haɗari ba, domin gashin hanci da majina suna tare mafi yawanta. Abin da ya fi damun likitoci shi ne ƙwayoyin ƙura da na hayaƙi ƙanana sosai waɗanda masana suke kira PM2.5, wato waɗanda faɗinsu bai wuce maikiromita 2.5 ba (maikiromita ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), alhali kaurin silin gashin kai guda ya ninka haka kusan sau 30. Irin waɗannan suna wucewa har can cikin huhu, mafi ƙanƙanta daga cikinsu ma suna kutsawa cikin jini, kuma an tabbatar da hannunsu a ciwon huhu na yara da toshewar hanyoyin numfashi da ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. A shekarar 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsaurara ƙa'idarta, inda ta ce bai kamata yawansu ya wuce maikirogiram 15 (maikirogiram ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram) a kowace mita kubik ta iska, wato iskar da za ta cika akwati mai mita ɗaya ta kowane gefe, a tsawon kwana guda ba, ko maikirogiram 5 idan an ɗauki matsakaicin shekara. Ranar da hazo ya rufe gari har jirage suka kasa sauka, iskar waje ta ninka wannan adadi sau da yawa.

Sai dai ba daga waje kaɗai matsalar take shigowa ba, kuma a nan ne nake roƙon magidanta da matan gida su saurare ni da kyau. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatar iskar cikin gida ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a shekarar 2020, ciki har da yara 'yan ƙasa da shekara biyar fiye da 237,000, kuma babban dalili shi ne girki da itace da gawayi da kananzir a wurin da hayaƙi ba ya samun mafita. A gidajenmu akwai ƙari a kan haka: kaskon gawayi da ake shiga da shi ɗaki don jin ɗumi, da turaren wuta da ake rufe ƙofa a banka har ɗakin ya turnuƙe, da hayaƙin taba, da maganin sauro mai hayaƙi da ake kunnawa ya kwana yana ci. Wani bincike da aka wallafa a shekarar 2003 ya gano cewa nadin maganin sauro guda ɗaya yana iya fitar da ƙananan ƙwayoyin hayaƙi daidai da na karan sigari 75 zuwa 137. Duk wanda ya sayi na'ura mai tsada amma ya ci gaba da waɗannan abubuwa a ɗakin da jariri yake kwana ya ɗora mata aikin da ba za ta iya ba. Mataki na farko shi ne a fitar da murhu waje ko a buɗe wa ɗakin girki taga, a koma gas idan da hali, a rataya gidan sauro a maimakon hayaƙi, sannan a turara ɗaki lokacin da yara da mai asma ba sa ciki, a bari iska ta ratsa kafin su dawo.

Idan an yi wannan, to sai a zo maganar saye. Abu na farko da za a nema a jikin kwali ko takardar bayani shi ne filtar HEPA. Wannan filta ce da aka yi da siraran zarurruka masu cunkoso aka naɗe su ninki-ninki, fanka tana tura iska ta cikinta, ƙura da hayaƙi da garin furanni da burbushin fatar dabbobi suna maƙalewa. A ma'aunin Amurka, ba a kiran filta da wannan suna sai tana tare kashi 99.97 cikin 100 na ƙwayoyi masu faɗin maikiromita 0.3, a ma'aunin Turai kuwa mai lambar H13 tana tare aƙalla kashi 99.95. A lura da wata dabarar 'yan kasuwa: idan an rubuta “HEPA-type” ko “HEPA-like” a kwalin, ma'anarsa filtar tana kama da ta gaske ne kawai, babu tabbacin ta cika ma'aunin. A ce wa mai shago ya buɗe na'urar a ga filtar da ido, a duba ko ta zauna daram a gurbinta, domin idan akwai kafa a gefe iska za ta bi ta nan ta fita da ƙurarta.

Abu na biyu, wanda masu saye suka fi sakaci da shi, shi ne ƙarfin na'urar idan an gwada da girman ɗaki. Ana nuna wannan da wata lamba mai suna CADR, wadda take bayyana yawan tsabtatacciyar iskar da na'urar take fitarwa, yawanci da mita kubik a awa guda. Abin da ake so shi ne ta iya tace iskar ɗakin gaba ɗaya kamar sau biyar a kowace awa, kuma lissafin ba shi da wuya. A ninka tsawon ɗakin da faɗinsa da tsayinsa daga ƙasa zuwa silin, a mita, sannan a ninka abin da aka samu sau biyar. Ɗakin da magina suke kira sha biyu sha biyu, wato ƙafa 12 tsawo da ƙafa 12 faɗi, mai tsayin ƙafa goma, yana ɗauke da iska kimanin mita kubik 41, saboda haka yana buƙatar na'ura mai CADR kusan 200. Falo mai mita 6 da mita 5 da tsayin mita 3 yana ɗauke da mita kubik 90, wato yana buƙatar 450. Na'urorin da aka yi don kasuwar Amurka sukan rubuta lambar da ma'aunin cfm, wanda ake ninkawa da 1.7 a samu mita kubik a awa. Kamfanoni suna auna wannan lamba ne lokacin da fankar take gudu a matakinta na ƙarshe, wanda ƙararsa takan hana barci, don haka shawarata ita ce a sayi wadda ta ɗan fi ƙarfin ɗakin, a riƙa kunna ta a matsakaicin gudu. 'Yar ƙaramar na'ura da ake jona wa kwamfuta ko cajar waya ba ta da ƙarfin tace ɗakin kwana, komai kyawun tallarta, kuma na'urar da aka ƙi rubuta mata CADR gaba ɗaya abar zargi ce.

Filtar HEPA ba ta tare wari ko iskar gas. Wannan aiki ne na wata filta daban ta sarrafaffen gawayi, wadda take tsotse warin hayaƙi da na fenti da na girki, kuma amfaninta ya danganta da yawan gawayin da ke ciki. Siririn baƙin ƙyalle da aka barbaɗa wa gawayi yakan cika cikin ɗan lokaci. Amma akwai gubar da babu wata na'urar tace iska ta gida da take kawar da ita, wato iskar kabon monoksaid da janareta da gawayi mai ci suke fitarwa. Ba ta da launi, ba ta da wari, tana hana jini ɗaukar iskar shaƙa, kuma mun sha jin labarin iyalan da suka kwanta da janareta a baranda ko a lungun gida aka wayi gari babu wanda ya tashi. Kada samun na'ura ya sa wani ya saki jiki ya matso da janareta kusa da taga, ko ya rufe ƙofa a kan kaskon wuta. Wurin janareta waje ne, nesa da ƙofa da tagogi. Idan mutanen ɗaki ɗaya suka fara ciwon kai da jiri da tashin zuciya a lokaci guda, a fitar da kowa sarari nan take, a garzaya asibiti.

Akwai kuma na'urorin da ya kamata a guje musu. Wasu ana tallata su da cewa suna kashe ƙwayoyin cuta da wari ta hanyar fitar da wata iskar gas mai kaifin wari da ake kira ozon. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta daɗe tana gargaɗi a kan amfani da su a wurin da mutane suke, domin ozon yana ƙona hanyoyin numfashi, yana jawo tari da ciwon ƙirji, yana kuma tayar da asma. Jihar Kalifoniya ta Amurka ma ta hana sayar da na'urar gida da take fitar da shi fiye da ƙima. Wasu na'urorin masu maɓallin “ion”, wanda yake sa wa ƙura cajin lantarki don ta maƙale, su ma suna iya fitar da ɗan ozon, saboda haka idan na'urar tana da shi, a tabbatar ana iya kashe shi a bar filta da fanka su yi aikinsu. Haka nan tulun lantarki mai fesa tururin ruwa ko na ƙamshi ba ya tace komai, ragar da ke cikin na'urar sanyaya ɗaki kuma manyan ƙura kawai take tarewa.

Kuɗin na'ura ba ya ƙarewa a ranar da aka saye ta, domin filta tana cika kuma dole a canza ta. Yawancin kamfanoni suna cewa a canza bayan wata 6 zuwa 12, amma a garuruwan da hunturu yake da ƙarfi tana iya toshewa kafin haka. Tun kafin a biya kuɗi a tambayi mai shago ko yana da filtar canji ta wannan samfurin a hannu, da nawa yake sayar da ita, kuma idan da hali a haɗa da guda ɗaya a ajiye. Na'urori da yawa sun koma kayan ado a falo saboda an nemi filtarsu a kasuwa an rasa. Wadda take da raga ta gaba da ake cirewa a kakkaɓe ko a wanke ta fi dacewa da mu, domin ita take tare yashi da gashi kafin su kai ga filtar ciki, kuma a lokacin hazo yana da kyau a share ta kowane mako ko biyu. Ita kuwa filtar HEPA ba a wanke ta da ruwa, sai idan kamfanin ya rubuta haka ƙarara. Sabuwar filta takan zo a naɗe cikin leda a cikin na'urar, a tuna a cire ledar kafin a kunna.

Ta fuskar wuta, na'urar ɗakin kwana ba ta da ci sosai, yawancinsu ba su fi fankar tsaye jan wuta ba, don haka sola ko inbata suna ɗaukarta. Abin lura shi ne wutarmu mai ƙarfin bolt 220 zuwa 240 ce, ta Amurka kuwa 120, kuma na'urar gwanjo ko ta tsaraba daga can tana iya ƙonewa da zarar an jona ta kai tsaye. A duba rubutun da ke bayanta. Mai sayen ta hannu ya ɗauka cewa filtar da ke ciki ta gama aiki, ya saka kuɗin sabuwa a lissafinsa.

Idan na'ura ɗaya aka iya saye, a ajiye ta a ɗakin da mai lalurar yake kwana, tunda a nan yake shafe sa'o'i masu yawa a jere. Kada a cusa ta a bayan kujera ko labule, a bar mata sarari ta kowane gefe, a rufe ƙofa da tagogi lokacin da take aiki, a toshe kafar ƙasan ƙofa da tsumma a ranakun hazo. Duk da haka ɗaki yana buƙatar sabuwar iska, don haka a riƙa buɗe tagogi na ɗan lokaci idan ƙura ta lafa, kuma a buɗe su dole a lokacin girki ko bayan an fesa maganin ƙwari. Idan a gidan akwai mai tarin da ya kai mako biyu, na'ura ba ta ɗauke wajibcin kai shi gwajin tarin fuka ba, wanda ake yi kyauta tare da maganinsa a cibiyoyin gwamnati da aka tanada a Najeriya.

Wanda ba shi da halin saye ma yana da abin yi. A yayyafa ruwa kafin shara, a goge kayan ɗaki da jiƙaƙƙen tsumma a maimakon kakkaɓewa, a fitar da kafet mai riƙe ƙura daga ɗakin mai asma, a wanke zanen gado da labule a kai a kai, a sa takunkumin fuska idan za a fita ranar hazo.

Ga masu asma da iyayensu, na'urar tana rage abin da ke tayar da ciwon ne, ba ta maye gurbin magani ba. A ci gaba da amfani da abin shaƙa kamar yadda likita ya tsara, ko da an ga sauƙi, kuma a ajiye shi inda hannu zai kai da dare. Idan yaro yana numfashi da sauri, ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa ciki duk lokacin da ya ja iska, ko ya kasa shan nono, ko ya kasa gama magana saboda haki, ko leɓensa ya sauya launi, a kai shi asibiti a wannan lokacin, kada a jira gari ya waye.